Ba Sharafaddeen ne ya ruɓar da madarar Fakuwa ba

Alhaji Abdullatif, kai ka ruɓar da madarar matan Fakuwa. Ka sani, Gajere mai gyaran waya na bakin tashar Kankiya ya sani, ni ma na sani. Ka kuma ɗauki laifin ka aza wa mutumin da ke zaune kan tabarmar makokin uwarsa. Wannan shi ne abin da ya hana ni zama, ya hana ni cin abinci da daɗi tun makon jiya.

Sunana Rabi, Goggo Rabi ake ce mini, daga rugar da ke gabas da Fakuwa. Na fi shekara talatin ina ɗaukar ƙwaryar nono a ka zuwa bakin titin Kankiya kafin a kafa mana ƙungiyar mata masu madara. Ban yi boko ba. Halima, sakatariyar ƙungiyarmu, ita ke riƙe da biro, na kuma ce mata kada ta tausasa mini ko kalma ɗaya. Ranar Asabar mai zuwa kwamitin ƙungiya zai zauna a ofishinmu na Kankiya kan takardar da manajanmu, wato Alhaji Abdullatif, ya rubuta. Abu biyu ya nema: a kori Sharafaddeen daga aiki, a kuma kashe tsarin da ya kafa. Kafin su zauna ina so su san ko wane ne za su kora.

Tankunan sanyaya madara uku gare mu, ɗaya a Fakuwa, ɗaya a Kafinsoli, ɗaya a gefen Kusada. Kowace mace ta tatso ta kawo a zuba, mota ta zo daga Kano bayan kwana bibbiyu ta kwashe. Shekara tara ke nan mutum ɗaya ke kula da su duka, shi ne Sharafaddeen. Kafin mu gama tatsa, kafin a saki maruƙa, za ka ji kukan tsohon babur ɗinsa yana ratso gonakin gero. Ya jingine shi jikin bishiyar bedi, ya hau tsani da tsumma ya goge faifan sola, ya sauko ya duba batir, ya ɗora tafin hannu a jikin tanki kamar mai duba zazzaɓin ɗa. Sannan ya gaishe mu ɗaya bayan ɗaya da sunayenmu. Daga nan Kafinsoli, daga nan ofis, da la'asar ya bi ta Kusada ya kwana gida. Da damina hanyar nan laka take zama, na sha ganinsa ya iso da wando naɗe har gwiwa yana tura babur ɗin. Ni mijin tanki nake ce masa.

"Mijin tanki, matarka ta kwana lafiya?"

"Lafiya lau, Goggo. Ita ba ta yi mini faɗa kamar wasu."

"Don ba ta da baki ne, ɗan nema."

"Ai bakin nake shirin yi mata."

Na ɗauka wasa yake, ashe da gaske ne. A shekarun farko sau biyu madara ta lalace mana, don tanki ya ɗauki zafi yana can wani gari bai sani ba. Abin ya tsaya masa a rai. Sai ya sa wa kowane tanki 'yar na'ura mai auna sanyi, ya ajiye wani ɗan akwati a ofishin Kankiya. Nufinsa tanki ya riƙa aika wa akwatin labarin sanyinsa ta intanet, in zafi ya fara shiga akwatin ya buga masa waya. Ya yi ta fama, saƙo ya ƙi isa. Sai shekara huɗu da suka wuce, da kamfanin da ke ba ofis layin intanet ya buɗe sabon tsarin adireshi. Halima ta ce masu boko IPv6 suke rubuta shi. Mu mai shida muke ce masa, tsohon kuwa mai huɗu.

Ranar da abin ya fara aiki ya tara mu gindin bedi ya yi mana bayani, mu da ba mu san bihim ba. Bai taɓa cewa wannan ya fi ƙarfin kanmu ba. Ya ce, "Adireshin tsohon tsari ya ƙare a duniya, shi ya sa kamfani ke cusa mutane da yawa ƙarƙashin guda ɗaya. Kamar gida ne mai mutum dubu da zaure ɗaya, duk suna ɗaya suke amsawa. Na ciki zai iya fita aike ya dawo. Amma in baƙo ya zo daga waje ya yi sallama, ba a san wa yake nema ba, sai ya juya. Akwatinmu yana cikin gidan nan, tanki kuwa shi ne baƙon. A sabon tsari kowa da ƙofarsa da sunansa."

Na ce, "Yo ai abin da muke yi wa shanu ke nan. Ka kira saniya da sunanta ta fito daga tsakiyar garke. Sai yanzu masu boko suka gano?"

Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce, "Sai yanzu, Goggo."

Tun daga ranar, shekara huɗu cur, ko cokali ɗaya bai lalace ba. Ba ni kaɗai ce shaida ba. A tambayi Bube, makiyayin da ke kawo madarar matansa Kafinsoli. Ranar babbar sallar bara suna filin idi, an sallame ke nan, wayar Sharafaddeen ta yi kuka. Bube ya ce mutumin nan bai koma gida ya ga yankan ragonsa ba. Da babbar rigarsa ta shadda ya hau babur, ya je tankin Kafinsoli ya tarar ɓera ya cinye wayar wuta a bayan batir, ya kwanta cikin ƙasa ya ɗaura. Da matan suka haɗa masa man shanu kwalba guda, ya ce su kai wa mai jego da ke rugar. Abin da yake karɓa a hannunmu bai wuce kofin fura ba, shi ma a tsaye yake sha.

Ba zan ɓoye ba, sabon tsarin yana da nasa halin. Wasu ranakun kwamfutar manaja takan yi nawa, shafi ya tsaya yana juyawa. Halima tana ofis ranar da suka yi musu a kai, wata biyu da suka wuce. Alhaji ya ce surukinsa da ke aiki a Kano ya gaya masa kowa kashe abin nan yake yi, ba ya kawo komai sai matsala. Sharafaddeen ya ce, "Ranka ya daɗe, tsohon ma yana nan, ban cire shi ba, tare suke tafiya. Matsalar a kwamfutarka take, ka bar mini ita kwana ɗaya in gyara. In aka kashe mai shida, tankuna sun rasa hanyar zuwa akwati." Alhaji ya ce kwamfutarsa akwai sirrin ofis, ba ya barin ta hannun kowa. Ka ji fa. An gaya masa, da Hausa, a gaban shaida.

Ranar Litinin ta makon jiya da safe Allah ya yi wa mahaifiyar Sharafaddeen rasuwa a Kusada. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta. Aka yi jana'iza kafin azahar, ya zauna karɓar gaisuwa. Waɗanda suka je sun ce wayarsa tana kan tabarma kusa da gwiwarsa, yana amsa gaisuwa yana satar kallonta. Ba ta yi kuka ba, hankalinsa ya kwanta.

Kwana uku ke nan a lokacin hadari ya rufe sama, rana ba ta leƙo ba, batir yana ta ja da baya. Talata da safe muka zuba madara, sai Halima ta ga fitilar jikin tanki ta koma ja. Mun saba. In ta yi ja, kafin ka wanke ƙwarya Sharafaddeen ya kira, ya ce ko dai mu ƙyale ta, rana na fitowa za ta gyaru, ko ya ce Halima ta tada janareta, ya riƙa gaya mata makunnin da za ta fara ɗagawa. Ba ma tayarwa sai da bakinsa, don an taɓa juya makunnin ba daidai ba aka ƙona wani abu. Muka jira, shiru. Halima ta ciro waya za ta kira shi, na riƙe hannunta.

Halima, rubuta wannan ma yadda yake. Ni na hana. Na ce, "Ke ba ki da kunya? Jiya mutum ya sa uwarsa a ƙasa, yau ki kira shi ki ce madara? Ai akwati ya riga ya gaya masa. Tunda bai kira ba, ya ga ba komai ne." Haka muka tashi, ba a kai wa mai makoki maganar duniya kafin sadakar uku. Matan da ke wurin duk suka ce gaskiyar Goggo ne. Na ce a kira manaja, ai don irin wannan ranar aka ajiye shi.

Halima ta kira shi, ta buɗe muryar wayar don kowa ya ji.

"Alhaji, fitilar Fakuwa ta yi ja tun ɗazu."

"Ga shi nan ina kallo a kwamfuta, kore shar, sanyi na kan digiri huɗu. Fitilarku ce ta lalace."

Na karɓe wayar na ce, "Alhaji, na taɓa jikin tankin, bai yi mini sanyin da na sani ba."

"Goggo, hannunki ne ma'auni ko kwamfuta? Ku koma gida, kada wanda ya dami bawan Allah nan da ke cikin rashi."

Muka koma. Da yamma muka sake zuba ta maraice a kan ta safe. Abin da ba mu sani ba, lambar da yake kallo ta ranar Litinin ce. Tun ranar saƙo ya daina isa, lambar ta daskare inda take.

Laraba da hantsi motar Kano ta zo. Mai gwajin madara ya buɗe murfin tanki, bai ma tsoma abin gwajinsa ba, ya kau da kai. Madarar kwana biyu ta mata arba'in da ɗaya. Wani zai ce ai sai ku mai da ita nono ku sayar. Wanda ya faɗi haka bai taɓa riƙe ƙwarya ba. Madarar da ta yi sanyi ta dawo ta yi ɗumi a rufe cikin ƙarfe ba ta zama kindirmo, ɗaci take yi da wari. Kuma in an zuba a tanki an zuba ke nan, ba mai iya cewa ga tawa in ɗebe. Da bokiti muka riƙa kwasa muna kaiwa kwazazzabo. Akwai wadda ta rage wa maraƙinta nono don ta cika jarka, tana zubarwa tana kuka. Mai motar ya ce in aka sake, za su daina biyowa ta Fakuwa.

Muna cikin wankin tanki sai ga kukan babur. An shafa fatihar uku ke nan ya taso, ko hular makokin bai sauya ba, idanunsa jawur. Ba wanda ya kira shi. Ya ce shirun wayar ne ya yi masa yawa, kwana uku ana hadari a ce ko sau ɗaya ba ta yi kuka ba. Ya tsaya ya dubi farin da ke gangara cikin kwazazzabo. Na ce masa, "Ɗana, ya haƙuri? Ni na hana a kira ka." Ya ce, "Goggo, da ke da kunyarki ba ku yi laifi ba." Ya juya babur ya nufi Kankiya. Cikin rabin awa ya gano an kashe mai shida a rauta, na'urar nan mai ƙahoni da ke raba intanet a ofis. Ya kunna, take tankuna suka fara magana. Na Kafinsoli ma ya fara ɗaukar ɗumi, ya kira su suka tada janareta, tasu ta tsira.

Sai ya yi abin da ya ja masa. A gaban manaja da Halima ya ce, "Ni ma da nawa laifin. Na koya wa akwati ya kira ni in tanki ya ce ya yi zafi. Ban koya masa ya kira ni in tanki ya yi shiru ba. Yau zan gyara." Ya zauna ya gyara kafin ya koma gidan makoki. Alhaji kuwa ya samu abin da yake nema. Washegari takarda ta fito: ma'aikaci ya amsa sakaci da bakinsa, an dakatar da shi, tsarinsa ba abin dogaro ba ne. Ko layi ɗaya babu a kan wanda ya taɓa rauta.

Ni ban yarda abu yana kashe kansa ba. Ranar Juma'a na hau mota na sauka tashar Kankiya, na bi masu shayi da masu faci ina tambaya wa aka gani ya shiga ofishinmu ranar Litinin. Aka nuna mini rumfar Gajere. Yana hango ni ya fara tattara 'yan ƙusoshinsa.

"Goggo, waya ce ta lalace?"

"Kai ne ka lalace. Mi ka je yi ofishinmu ran Litinin?"

"Ni? Wane ofis kuma?"

"Gajere, na yi jika da kai. Ka dube ni, kada ka dubi teburi."

Ya share zufa, ya ce, "Wallahi Goggo aike aka yi mini. Alhaji yana taron bidiyo da wasu manya, hoto yana yankewa. Ya ce in shiga rauta in kashe mai shida, surukinsa ya ce shi ne maganin. Na ce ba a bari Malam Sharafa ya dawo ba? Ya ce mutum yana makoki, ba za a dame shi da ƙaramin abu ba. Na danna, na fito. Ni waya na sani, ban san akwai tanki a jikin abin ba."

"To hoton ya daina yankewa?"

"Ina fa! Ashe hadari ne ya taɓa sabis, duk garin haka aka yini."

Ya kuma gaya mini cewa bayan an dakatar da Sharafaddeen, Alhaji ya sake aiko masa ya zo ya kashe. Ya ce ko da ƙafa ba zai sake taka ofishin ba. Na ce zai taka, ranar Asabar, tare da ni. Ya ce in dai ina gaba yana baya.

To, 'yan kwamiti, ku da za ku yanke ko a kashe ko a bari. Ni ban san abin da ke cikin wayoyin nan ba, amma na san abin da idona ya gani. Shekara huɗu mai shida yana kunne, madara ba ta lalace ba. An kashe shi kwana biyu, mun cika kwazazzabo. In kwamfutar mutum ɗaya tana nawa, a gyara kwamfutar. Wanda takalmi ya matse ba ya yanke ƙafar maƙwabci. Sharafaddeen ya ce duniya can ta nufa, tsohon adireshi ba zai ƙaru ba, ko mun ƙi yau 'ya'yanmu za su karɓa gobe. Na yarda da shi, don shekara tara bai taɓa gaya mini abu na tarar da saɓaninsa ba. In kun kashe, ku faɗa mana wanda zai riƙa kwana gindin tanki uku a gari uku. Surukin Alhaji?

Sharafaddeen ɗan Kusada, da kai nake yanzu. Kai ne ka mai da mu mutane a wurin da ake ganin mu masu warin nono. Kai ne ka baro tabarmar makokin uwarka saboda madarar da ba taka ba. Raƙumi mai nisan zango, ba a ji kukanka ba sai na babur ɗinka. An dakatar da kai, amma jiya Halima ta ce ka kira ta ka tambayi launin fitila. Na ce mata ta gaya maka kore ne, kuma ka ci abinci. Ka faɗi ɗan laifinka ba wanda ya tilasta ka, aka mai da gaskiyarka igiyar ɗaure ka. Kada wannan ya sa ka daina faɗin ta. Mun gode, mu arba'in da ɗaya da 'ya'yanmu. Allah ya saka maka, ya kai ladan kabarin wadda ta haife ka ta tarbiyyantar da kai haka. Masu gyaran sola da masu ɗaura waya na Kankiya da Kusada, ku dubi mutumin nan ku koya: ku yi wa jahili bayani har ya gane, in kun yi kuskure ku faɗa da bakinku.

Ni na faɗi nawa, na hana a kira shi, kuma zan maimaita a gaban kwamiti. Shi ma ya faɗi nasa. Gajere zai faɗi nasa. Saura mutum ɗaya.

Alhaji Abdullatif, ranar Asabar da ƙarfe goma za mu zo, dukanmu, da ƙorenmu, mu zauna ƙofar ofis. Ba mu yarda da takarda ba, ba mu yarda da wakili ba. Ka janye dakatarwar nan, ka miƙe tsaye a gaban Sharafaddeen da matan Fakuwa, ka amsa mana da bakinka: wa ya ce a kashe?